Yadda Maginiya Ta Aika Kuɗi Masar

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da ƙarfe goma da kwata na safe, aka bugo wa wata mai ginin tukwane waya daga Masar. Ɗanta ne, wanda ya raka mahaifinsa asibiti can. Ya ce likitoci sun sa ranar yi wa tsohon aikin ƙoda nan da kwana goma sha biyu, amma ba za su taɓa shi ba sai kuɗi sun iso. In ranar ta wuce, sai ya koma bayan layi, jikinsa kuwa ba zai jira ba. Ki kasa kunne, Saratu, tunda ke ma kina shirin aika wa naki ɗan kuɗin makaranta.

Matar nan ta sayar da gonar da ta gada da shanun noma biyu. Saura hanyar aikawa, hanya kuwa biyu ce a garin. Akwai wani mai canji a bakin kasuwa, surukin mai unguwa, mutum mai fara'a, wanda kowa ke kai wa kuɗinsa. Farashinsa ya fi na kowa daɗi, amma ba ya ba da takarda, kuma a al'adar garin wanda ya nemi takarda kamar ya zage shi ne, ya zagi duk waɗanda suka amince masa. Akwai kuma wani ofis a hanyar tasha mai lasisi a jikin bango, inda ake bin layi, a nemi katin shaida, a yanki la'ada mai zafi, a ba ka rasit mai lamba. Ita kuwa shekara arba'in ba ta taɓa sayar da tukunya ba sai ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa ta saurara. Lafiyayya tana amsawa garau, mai tsaga kuwa muryarta a dakushe take ko da ido bai ga komai ba. Sai ta yi wa hanyoyin nan haka. Rana ɗaya ta kai wa kowannensu kuɗin tukunya goma, ta koma gida ta jira. Na ofis suka isa hannun ɗanta kafin la'asar, da ɗan ragi, daidai yadda aka rubuta. Na mai canji, kwana uku wai wakilinsa na can ya yi tafiya, kwana biyar wai gobe in Allah ya yarda. Ran na shida ta tsaya a ƙofar shagonsa, gaban jama'a, ta ce ya rubuta mata abin da ya karɓa da ranar da zai isa.

"Haba Iya," in ji shi, "ni za ki nemi takarda a wurina? Ni da na ci tuwo a gidanki?"

Ta ce, "Tuwon na ga ya shige, ɗan nan. Kuɗin ne ban ga sun shige ba."

Kafin azahar ƙanen mijinta ya zo ya ce ta ba dangi kunya. Mai unguwa ya aiko ta je ta ba da haƙuri, matan unguwa suka bar sayen tukwanenta, suka sa mata suna Mai Takarda. Ba ta je ba. Kashegari ta ɗaure kuɗin gona da na shanu a cikin zane, ta ƙi bin lungu, ta bi ta gaban shagon nan da rana tsaka kowa na kallo, ta shiga layin ofis, ta biya la'adar ba ta yi ƙorafi ba. Aka yi aikin ranar da aka sa.

Bayan wata biyu aka wayi gari shagon mai canji da kwaɗo, har yau ba a sake ganin mai shi ba. Ga waɗanda ya bari a baya. Wani direban tanka, wanda aka koro 'yarsa daga makaranta a Sudan saura shekara ɗaya ta gama. Wata gwauruwa da ta tara kuɗin Umra shekara tara. Mai unguwa, da 'yarsa, matar mai canjin, da ta dawo gida da yara uku. Ƙanen mijin nan, wanda jarinsa duka ya bi ta shagon. Sai maginiyar, ba gona, ba shanu, kuɗin tukunya goman ma ba su dawo ba, amma mijinta ya ƙara damina uku yana zaune a gefen ramin da take gasa tukwane, yana miƙa mata kara. Rasit ɗin yana nan cikin gwangwaninta, na gan shi da idona.

Saboda haka, Saratu, ki ƙwanƙwasa kafin ki ɗauka, wanda kuma ya ji haushin ƙwanƙwasar ya riga ya ba ki amsa. Gaskiyar mutanen da ne da suka ce, kunyar marar kunya asara ce.