Manhajar da Ta Ƙi Tashi a Asibitin Ƙauye

Malam Jibo, tun ɗazu nake jin kana rantsuwa cewa manhajarka lafiyarta ƙalau, tunda a kwamfutarka tana aiki. Ja kujera ka zauna. Ba gardama zan yi da kai ba, misali zan ba ka.

An yi wani mai rubuta manhaja, gwani ne ba laifi, aka ba shi aikin da rayukan yara suka rataya a kai. Ƙananan asibitoci ne na ƙauyuka goma sha huɗu, kowanne da firjin ajiye allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Allurar nan ba ta son zafi. In firji ya mutu wuni guda ta lalace, kuma ido ba ya ganewa, sai a yi ta yi wa yara ana zaton an kare su. Aka ce ya rubuta abin da zai riƙa lura da sanyin firjin, da zarar ya fara ɗumi ya yi ƙara. Manhaja ɗaya ce, amma gida uku za ta zauna: kwamfutar ofishin asibiti, wayar ma'aikaciyar lafiya, da wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana da ake liƙawa a jikin firji.

Kai ma ka sani, rubutun da mutum ya yi ba shi na'ura ke karantawa ba, sai kwamfaila ta yi tafinta, ta juya shi zuwa yaren da na'urar ke ji. To, shi mutumin nan sabuwar kwamfuta gare shi mai ƙarfin gaske. A fayil ɗin saitin haɗa manhajar ya umurci kwamfaila ta yi amfani da duk wata dabara da injin kwamfutarsa ya iya, don abin ya yi sauri. Ya kuwa yi saurin. Ya gwada ya sake gwadawa a ofishinsa, bai ga aibu ba. Saura kwana uku a kai allura, ya hau mota ya tafi asibiti na farko. Ya zuba manhajar a kwamfutarsu, wata tsohuwa mai gurnani kamar injin niƙa. Ya danna, manhajar ta leƙo ta rufe. Ya sake dannawa, haka. Ya koma kan 'yar na'urar firji, ita kuma ta nuna ba ta da wurin ɗaukar kaya mai girman haka. Ma'aikaciyar asibitin tana tsaye a bayansa. Fita kawai ta yi ta fara tambayar inda za a samu ƙanƙara.

Ya dawo gari gumi na keto masa. Ya shiga fayil ɗin saitin nan guda ɗaya yana sauye-sauye da hannu. Ya gyara wa tsohuwar kwamfuta, ta waya ta ɓaci. Ya gyara ta waya, ya manta abin da ya taɓa wa na'urar firji. Wuni guda ya tafi a haka, abinci ma bai iya ci ba. Washegari da hantsi ya ajiye girman kai ya je wurin wata dattijuwa a sana'ar, wadda ta fi shekara ashirin tana haɗa wa na'urori iri-iri manhaja. Ta karanta rubutunsa, ta karanta saitin, ta cire tabarau ta ce, "Ɗana, rubutunka ba shi da laifi. Ka dai ɗinka wa kowa riga da awon jikinka ne."

Ko layi ɗaya ba ta taɓa a manhajar ba, saitin ta raba. Abin da na'urorin uku suka yi tarayya a kansa ta bar shi a babban fayil, sannan ta buɗe wa kowacce ɗan fayil nata. Tsohuwar kwamfuta, a daina mata dabarun sabon inji, a yi mata magana da yaren da ta sani. Waya, ga kwamfailar da ta dace da ita, ga inda kayan aikinta suke. 'Yar na'urar firji kuwa a bar neman sauri, a matse manhajar har ta shiga. In za a haɗa, sunan na'ura kawai za a faɗa, tsarin ya ɗauko fayil ɗinta da kansa. Kafin la'asar duka ukun sun fito. Ya aro wata tsohuwar kwamfuta a shagon mai gyara, ya zuba mata manhajar, ya danna. Manhajar ta buɗe, ta zauna daram. Ya sauke ajiyar zuciya, ya daɗe yana hamdala, sannan ya yi wa dattijuwar godiya.

Bayan mako uku, wata ranar Laraba da rana tsaka, batirin firji ya mutu a ƙauyen da ya fi kowanne nisa. Ma'aikaciyar wurin tana gidan suna, ta ɗauki lomar farko ke nan wayarta ta hau ƙara. Ta ajiye kwano, ta zura takalmi ta yi asibiti da gudu, ta kwashe allurar ta zuba a kula da ƙanƙara tun sanyinta bai tafi ba. Da safe iyaye mata suka yi layi a gindin darbejiya, aka yi wa yara sittin da ɗoriya allura, ba a zubar da ko kwalba ɗaya ba.

Rubutu ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne an bi kowace na'ura da irin halinta. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.