Manomin da Ya Kai Dara Gona

Zauna, Malam Tukur. Tun ɗazu kake nanata mini makin da ɗan maƙwabcinka ya samu a jarrabawa da wanda naka ya samu, har shayinka ya huce. Bari in ba ka wani misali. Na ji shi a wani ƙauye da na taɓa yada zango, ko a ƙasar Gobir ne ko Zamfara, sunan ya kwanta mini. Tsamiyar bakin kasuwarsu dai ban manta da ita ba.

A ƙauyen nan dara ce mudun auna hankalin mutum. Da rani, in ba aikin gona, maza sukan taru a gindin tsamiyar, a haƙa gurabe a ƙasa, wannan ya kasa tsakuwa, wancan ya kasa tsinke. Wanda ya fi ci shi ne mai kai. Akwai wani manomi da ya daɗe ba a cinye shi ba, har ta kai in rikicin iyakar gona ya tashi shi ake kira, a shimfiɗa masa tabarma. Ana nan sai wani baƙo ya tare a gidan da ke jikin nasa, mutum mai yawan dariya, wanda a tsugune yake yin dara yana ɓare gyaɗa. Zaman farko ya cinye manomin. Da aka sake, ya sake. Aka yi sowa, wani ya ce, "Ashe gaba da gabanta!" Baƙon bai ɗauki abin a bakin komai ba. Manomin kuwa ya koma gida, in ya ji dariyar maƙwabcin ta tsallako danga sai ya ɗauka da shi ake.

Damina ta faɗi, ruwa ya shafe guraben gindin tsamiya, kowa ya kama fartanya. Shi sai ya tafi da darar gona. Yakan fara noma, wata dabara ta faɗo masa, ya jingine fartanya, ya haƙa gurabe a tsakanin gero, ya zauna yana karawa da kansa, hannun dama nasa, na hagu na baƙon. Daga nan yana hango maƙwabcin a duƙe yana noma yana 'yar waƙa, abin ya ƙara ƙona shi: wato mutumin nan ko tunanin dara ba ya yi, amma ya fi shi. Noman fari ya wuce, maimai ya wuce, ciyawa ta shaƙe geron, ƙuduji ya cinye abin da ya rage. Matarsa ta yi magana har ta gaji.

Da kaka ta yi ya tare baƙon a hanya, ya ja shi gindin tsamiya. Kuma a faɗi gaskiya, ya ci, ci mai kyau, bai bar masa mafita ba. Baƙon ya yi dariya, ya ba shi hannu ya ce, "Kai, maƙwabci, ka iya! Bari in je, jakuna na can da dammuna." Manomin ya ɗaga kai don ya ga masu yi masa sowa, sai ya tarar duk suna masussuka. Wani tsoho kaɗai ya rage, ya ce, "Barka da ci. Dami nawa ka ɗaure bana?" Daga shekarar nan ba a ƙara kiransa sulhu ba, aka ce wanda bai lura da gonarsa ba ina zai lura da iyakar wani. Rani bai yi nisa ba matarsa ta fara zagayawa gidan baƙon da ƙwarya a ɓoye cikin mayafi, shi kuma yana ɗaka yana jin ana auna mata gero.

Ko ya gane daga baya, wannan ban riƙe ba. Dara dai iya dara take aunawa, ba ta taɓa auna mutum duka ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.