Motar Malama Ta Ƙi Tashi

Fitowarta daga kasuwa ke nan da ledar tumatir, ta tarar da wani ƙato a cikin motarta yana ta murɗa makullin ƙarya. Motar marigayi mijinta ce, da ita take zuwa koyarwa a Gabukka. Ba ta yi ihu ba, sai ta jingina da ƙofar ta leƙa.

"Ƙara murɗawa, samari. Ina jira."

Injin ya yi tari ya mutu. 'Yan acaɓa suka kewaye motar, gumi ya karyo wa ɓarawon.

"Mama, asiri kika yi mata?"

Ta zaro ɗan fiyus ɗin famfon mai daga jakarta, ta ɗaga.

"Ga asirin nan, da shi nake shiga kasuwa. Fito min daga mota!"