Kunnen Duna

Ranar Asabar, ashirin da tara ga Mayu, 1999, da ƙarfe biyu da kwata na rana, rediyoyin Ƙofar Kwaya na ta shelar soja sun miƙa mulki, Alhaji Haliru ya tsaya ƙofar gidan Gidaɗo, mijin ƙanwarsa Laraba, ya toshe hanci. Gidaɗo ya fito daga bayan garke da buta wayam a hannu. Karensa Duna na biye, yana ta kaɗa kai.

"Wannan mushen naka ya hana mu shaƙar iska," in ji Haliru. "Yanzu farar hula ke mulki, muna da kansila. Ko ya warke, ko a harbe shi."

Duna karen marigayi Idi ne, ɗan Gidaɗo tilo. Gidaɗo mai kiyaye tsarki ne, bai taɓa kai hannu jikin karen ba. Amma duk unguwa an san ba shi da abin da ya fi shi.

Tun shigowar bazara kunnen Duna na hagu ya fara: ja, kumburi, baƙin ruwa mai ɗoyi. Malam Salihu, malamin dabbobi, ya ɗaure wa karen baki, ya share kunnen da auduga, ya ɗiga magani, ya riƙe shi wurinsa har kunnen ya bushe. Da aka maido shi gida, ba a jima ba ɗoyin ya dawo. Haka aka yi ta yi.

"Kuna yi mashi wanka?" in ji Salihu.

"Wanka? Kare? Mi ka ɗauke ni, Malam?"

"To, laima na shiga kunnen nan, kuma ba da ƙafarta take shiga ba."

Gidaɗo ya juya ya dubi katangar da ta raba shi da Haliru. Gajera ce. Mai mugun nufi ko ɗage bai buƙata.

Daga ranar gaisuwa ta yanke. Ya jera ƙaya kan katangar. Ya hana Laraba taka gidan wanta. A masallaci, in Haliru ya tsaya dama, shi sai ya koma ƙarshen hagu. Kunnen dai bai daina zuba ba.

Wata safiya Haliru ya zo da ɗan saƙon kansila da wani maharbi. Sandar kiwo Gidaɗo ya ɗaga, sau ɗaya, kafaɗar Haliru ta karye.

Alƙali ya ɗaure Gidaɗo wata guda. Haliru kuwa aka kai shi jinya gidan ɗansa can Gobarau. Delu mai koko, maƙwabciyarsu, ta riƙa jefa wa Duna ƙanzo daga nesa.

Ranar da aka sako Gidaɗo, ya durƙusa ya leƙa kunnen. Bushe ƙarau, ko ƙuda babu.

"Kun gani?" ya ce wa mutanen dakali. "Azzalumi ya bar unguwa, kare ya warke. Sai wani ya ce ƙage na yi."

Haliru ya sayar da gida. Laraba ta ɗaure kayanta ta bi wanta. Malam Salihu ya ce ya wanke hannunsa.

Waɗanda suka saura a gidan su ne: Gidaɗo, da saniya ɗaya da maraƙinta, da Duna, kwance kan gefensa na dama a inuwar bayan garke, yana haki.

Aka kira Azahar. Tsohon ya yi alwala, ya waiga ya ga ba mai kallo, sannan, kamar yadda yake yi kullum tun shigowar bazara, ya juye wa karen ɗansa sauran ruwan butar a ka, don ya ji sanyi.