Igiyar da Ta Yi Gansakuka

Tanimu, tun ɗazu kake cika mini kunne da gidan saukar baƙin nan da aka damƙa maka, wai ruwan wurin iyonsa ya fi na kowa haske a garin. To, sannu da ƙoƙari. Ja kujera ka zauna in ba ka misali. Ba don in ɓata maka rai ba ne, amma fa zai ɓaci.

An yi wani mutum mai irin gidan nan a bayan gari, wanda iyalai ke kamawa su yi hutun sallah ko na makaranta. Mutumin kirki ne, ba ruwansa da mugunta, sai dai tsabta ta yi masa yawa, irin mutanen nan da in ƙuda ya sauka a tabarma sai an wanke ta. Wurin iyon kuwa shi ne abin alfaharinsa. Gari na wayewa yana bakinsa da raga mai doguwar ƙota yana tsame ganye, ya zuba magani, ya kunna injin tace ruwa, ya dirje bango da burushi har hannunsa ya yi kanta.

Abu guda ne ya tsaya masa a rai. Maginin da ya gina wurin ya ɗaura wata igiya daga wannan bango zuwa wancan, ta ratsa tsakiyar ruwan, da 'yan robobi jajaye a jikinta don kada ta nutse. Daga matakala zuwa igiyar ruwa iya ƙugu ne. Daga bayanta kuwa ƙasa ta zurma lokaci guda, ruwan na shanye dogon mutum. Igiya ka san halinta in ta daɗe a jiƙe: ta yi kore shar da gansakuka, ga santsi, robobin kuma rana ta cinye launinsu. Ya wanke, ta koma. Ya jiƙa ta a magani, ta koma. Rannan wata baƙuwa ta ɗaga ta da yatsu biyu, ta yamutsa fuska ta ce, "Haba Alhaji, ko'ina fes, sai wannan ƙazanta?" Wallahi da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ko kayanta ba ta gama haɗawa ba ya sa wuƙa ya datse igiyar, ya ce zai sayo sabuwa. Da ya ja baya ya ga ruwan a shimfiɗe, shuɗi daga bango zuwa bango ba abin da ya ratsa shi, sai ya ce ashe haka ma ya fi kyau. Maganar sabuwar igiya ta mutu ke nan.

Ga abin da bai lura da shi ba, kai ma da kake gyaɗa mini kai na san ba ka lura ba: ruwa in ya yi garau, ƙarya yake yi wa ido. Ƙasansa sai ya taso maka kusa, mai zurfi da marar zurfi su zama ɗaya. Shi mai gidan ya san inda ramin yake, tunda kullum yana bakinsa. Baƙo fa, wa zai gaya masa?

Ana nan sai wani malamin makaranta ya kama gidan, shi da matarsa da 'yarsu da ba a daɗe da yaye ta ba. Mutumin tudu ne, bai taɓa shiga ruwan da ya wuce masa ƙwauri ba. Da hantsi ya leƙa, ya ga ƙasan ruwan ƙuru-ƙuru kamar ya miƙa hannu ya taɓa, ya ce ai wannan ba komai. Ya ɗora 'yar a wuya ya shiga. Ruwa iya ƙugu, yarinya ta riƙe kunnuwansa tana ƙyalƙyala dariya, tana nuna masa ɗaya bangon tana cewa, "Abba, can, can!" Uwar tana gefe tana ɗaukarsu hoto a waya. Ya taka, ya ƙara takawa, sai ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa.

Bai yi ihu ba, wanda ruwa ke ci ba ya samun bakin ihu. Abin da matar ta gani kawai hannaye biyu ne sun fito daga ruwa sun ɗaga yarinyar sama. Matar ma ba ta iya iyo ba. Allah ya sa kusa da gefe ne, ta kwanta rub da ciki ta miƙa hannu ta fizgo 'yar. Da ta sake miƙa hannu, ba abin kamawa. Mai gidan ya tafi kasuwa sayo maganin ruwa. Kafin kururuwarta ta kai bakin ƙofa maigadi ya rugo da mutane, aikin gama ya gama. Kai, abin da ya fi ci mini rai, suna tsaye suna kallon bawan Allah kwance a ƙasan ruwan, ba abin da ya ɓoye musu, har zoben hannunsa ana gani.

Mutane sun ba mai gidan haƙuri, suka ce ajali ne. Ya ce ya sani, amma wuƙar a hannunsa take. Ya sa aka kwashe ruwan, bai sake cika shi ba. Ganye ya taru a ramin, ƙadangaru suka mai da shi gida, mutumin da ba ya iya ganin tsinke a ƙasa ya wuce, yanzu ko kallon wurin ba ya yi.

To, Tanimu, goge naka ya yi ƙyalli, ba wanda ya hana ka. Amma duk mummunan abin da ka tarar a bakin ruwa, kada ka taɓa shi sai ka tambayi dalilin da ya sa aka ajiye shi. Hausawa ba su faɗa a banza ba: garin neman gira aka rasa ido.