Hayar Shekara Biyar

Akwati mai taya Elisha ya fara saya, tun kuɗin sallama ba su shigo ba. Ya jingine shi a falo kusa da talabijin, kullum da safe sai ya goge shi da tsumma.

Yana da shekara hamsin da ɗaya ya ajiye aiki a sashen gona na Bungudu. Ba wanda ya kore shi. Cewa ya yi ya gaji da zirga-zirga daga Gusau a kan babur, yana so ya ga duniya tun gwiwa tana ɗaukarsa. Tsarin ma a rubuce yake a bayan kalanda: jirgin ƙasa daga Kaduna zuwa Abuja, sanyin Jos, giwayen Yankari, sannan Legas, ya tsoma ƙafa a teku. Matarsa Godiya ta karanta, ta ce rubutun ya yi kyau, ta koma auna wakenta.

Sana'arta ke nan. Ta saro wake a Tsafe da kaka, ta ajiye, ta sayar da bazara. Elisha yana kiran abin kuɗin magi. Shi kuwa bawan Allah, kuɗi ba sa kwana a aljihunsa. Ya taɓa sayen injin ƙyanƙyasa ba shi da kaza ko ɗaya. Ya taɓa yin alkawarin rabin albashinsa a bikin coci don kawai an tafa masa.

Mutum ɗaya ne ke hana shi sakewa, kuma duk duniya ba wanda ya tsana kamarsa: mai gidan da suke haya a Tudun Wada. Tsohon mai gidan ya rasu shekara goma sha shida da suka wuce, magada suka sayar. Wanda ya saya bai taɓa nuna fuska ba. Dogo dillali ne ke zuwa karɓar haya, kuma duk saƙon da zai kawo da "an ce" yake farawa.

An ce a daina shigar da babur falo. An ce 'yan dara su tashi daga ƙofar gida. Sau huɗu Elisha yana samun ƙarin girma, sau huɗu aka ce an ƙara haya, a satin. Har ya zargi mutumin da ajiye ɗan rahoto a ofis, ya yi wata biyu ba ya gaisawa da akawun albashi. Ga son kai wajen gyara. Rufin kicin ya yi yoyo, kwana biyu aka sauya kwano. Ƙofar ɗakin da yake tara tarkacensa kuwa shekara uku tana jiran kafinta.

Ranar Talata kuɗin sallama suka shigo. Ban da Godiya bai gaya wa kowa ba. Ranar Laraba da hantsi Dogo ya yi sallama.

An ce a biya hayar shekara biyar a dunƙule, ko a tashi ƙarshen wata. Da Dogo ya faɗi adadin, Elisha ya nemi kujera. Abin da zai rage masa bai wuce kuɗin mota zuwa Funtua da dawowa ba. Nan take ya gane ya zalunci akawu, ashe a banki munafukin yake.

Kwana biyu ya yi yana neman wani gida a Sabon Gari. Mai sauƙin ba rijiya, mai rijiyar ba rumbun wake. Godiya ta ce ita fa ba ta rabuwa da gwaibar da ta shuka. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ce mata shekara ashirin da takwas yana cin ƙurar hanyar Bungudu don ya ga teku sau ɗaya, yanzu wani ƙato da bai san zafin neman ba zai haɗiye komai.

"Teku ba inda za shi, Baban Dorcas," in ji ta. "Ka biya, mu samu wurin kwana. In na sayar da wake, duk shekara sai mu je gari ɗaya."

Ya yi dariya duk da baƙin cikinsa. Kuɗin magi ne za su kai mutum Legas?

Sai ya kira Dogo ya rantse masa ko sisi ba zai fita ba sai ya ga mai gidan ido da ido. Dogo ya yi ta susar ƙeya. Washegari ya dawo. An ce ranar Asabar bayan la'asar, a nan gidan.

Elisha ya share falo da kansa. Ya sayo lemo da kilishi, ya ɓoye akwatin a ƙarƙashin gado kada a ce yana da hali. Ya tsara jawabi: zai fara da roƙo, in roƙo bai ci ba ya zazzage wa azzalumin haushin shekara goma sha shida. Ya ce wa Godiya ta zauna a kicin, maganar maza ce. Ta ce to. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin zuwa coci, ta fito ta zauna a babbar kujerar da ya ware wa baƙo. Yana cikin yi mata faɗa a kan ta tashi daga kujerar, sai aka yi sallama.

Dogo ne, shi kaɗai. Elisha ya leƙa bayansa, ya leƙa titi. Ba mota, ba babur, sai akuyar maƙwabta.

"Ina yake?"

Dogo ya tuɓe takalmi, ya wuce shi, ya durƙusa a gaban Godiya.

"Ranki ya daɗe, ga ɗan hayar nan. Ya ce yana da magana."