Sitiyarin Katako na Baba Sylvanus

Tun da sitiyarin da ke juya injin sassaƙarsa ya tsage, Baba Sylvanus ya karaɗe Nasarawa yana neman wani, kowa sai ya ce masa gwamnati ta hana shigo da kayan gyara. Ga matarsa Celina ta kafa doka: babu sabuwar taɓarya, babu sakwara ga masu zuwa neman auren 'yarsu Dorcas.

Sai ya yanko zagayayyen katako, ya huda, ya ɗaura. Inji ya tashi, taɓarya ta fito sumul.

"Maman Dorcas, Turawa su riƙe kayansu!"

Celina ta zuba doya a turmi, ta ɗaga taɓarya, ta kirɓa. Doya ta fita ta ƙasa.

"Baban Dorcas, ina gindin turmina?"

"Ai shi kaɗai ne zagayayye a gidan nan."